Tsire, Yaji Da Koriyar Miyar Ajantina: Wane Ne Baƙo A Bakin Tukuba?

Kwana biyu kun ji ni shiru, ba wani abu ba ne illa hidimar Sallah da ta baƙi. To yau ga ni, kuma da maganar nama na zo. Na san wani zai ce, "Haba Malam, duk matsalolin da suka dami jama'a ka rasa abin da za ka yi rubutu a kai sai tsire?" A yi mini haƙuri a karanta har ƙasa, domin maganar ta fi tsinke tsawo.

Abin da ya faru shi ne, akwai ɗan wana da ya gama karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan Mubi, ya shafe shekara biyu yana safa da marwa tsakanin Yola da Abuja neman aiki har takalminsa ya cinye. Da ya gaji sai ya dawo gida ya ce shi tukuba zai kafa. Ga waɗanda ba su san mu ba, gidanmu gidan fawa ne. Kakanmu daga ƙasar Kano ya biyo fataken shanu ya sauka a nan, tun Mubi tana ƙarƙashin riƙon amanar Turawan Ingila, wato kafin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 da ta shigo da wannan yanki cikin Najeriya aka sa masa suna lardin Sardauna. Mahaifinmu da wuƙa ya ciyar da mu har Allah ya yi masa rasuwa. Mu ne muka yi boko muka ajiye wuƙar, kuma in faɗi gaskiya, har da ɗan jin kunyarta a wancan lokaci. Saboda haka da yaron ya zo mini da wannan magana ban hana shi ba, na ma ji daɗi.

Sai dai fa bai dawo haka nan ba. A wani gidan cin abinci da ya yi aikin wucin gadi a Abuja ya ga ana gasa nama a jikin tsinke, a kawo shi da wata koriyar miya ɗanya a ɗan ƙaramin kwano, wadda mutanen Ajantina da Yurugwai suke kira cimicuri. Ya koyi haɗa ta. Washegarin Babbar Sallah ya gasa mana tsire a tsakar gida, rabi da yaji kamar yadda aka saba, rabi kuma da wannan miya. Cikin waɗanda suka ci har da wani dattijo da muke kira Baba, wanda a hannun mahaifinmu ya koyi sana'a, kuma ya haura shekara arba'in a bakin wuta. Baba ya dangwala, ya tauna, ya yi shiru, sannan ya dubi yaron ya ce, "Kai ɗan nan, nama da ɗanyen ganye? Akuya ka mai da ni?" Aka yi dariya. Amma da dariyar ta lafa sai ya gyara zama ya ce, "Tsire namu ne, yaji namu ne, haka muka gada. Kada ka kawo mana baƙon abu ka ɓata sunan gidanku." Yaron ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, sai da dare ya same ni ya ce, "Baffa, in bari ne?"

Tun daga ranar ake ta muhawara a majalisarmu ta bayan Isha'i. Ni dai na ce masa kada ya bari, kuma dalilaina ne nake so in shimfiɗa a nan, duk da cewa akwai inda Baba ya fi mu gaskiya, kuma zan zo wurin.

Da farko, mece ce ita wannan miya? Ba dafa ta ake yi ba. Ana yanka ganyen fasli ƙanana-ƙanana, a haɗa da tafarnuwa, da wani busasshen ganye mai ƙamshi da ake kira origano, da ɗan dakakken barkono, da gishiri, a zuba mai da ruwan tsamin nan da ake kira khal ko binega, a bar shi ya ɗan tsumu. Shi ke nan. Mutanen Ajantina mutanen nama ne na gaske, domin a ƙiyasi kowane mutum a can yana cin kimanin kilo 50 na naman shanu a shekara. Gashin da suke yi sunansa asado, kuma a wurinsu taro ne na dangi, musamman ranar Lahadi. Masu zuwa gidan kallon ƙwallo za su tuna cewa lokacin da su Messi suka je Katar a 2022 suka ɗauko kofin duniya, da lodin namansu daga gida suka tafi. Galibi gishiri kawai suke barbaɗa wa naman, su gasa shi a hankali a kan garwashi, sai an sauke sannan a zuba cimicuri ko a dangwala. Wasu kuma sukan tsuma naman a cikinta kafin ya hau wuta, musamman idan na tsinke ne.

To a nan ne abin mamakin yake, kuma shi ne abin da na faɗa wa Baba ya ce boko ne ya ɓata ni. A ɗauki yajin tsire a warware shi ɗaya bayan ɗaya. Ginshiƙinsa ƙuli-ƙuli ne, ƙuli-ƙuli kuwa gyaɗa ce. Ita gyaɗa asalinta Kudancin Amurka, wajajen Boliviya da Faragwai da arewacin ita Ajantinar, kuma jiragen ruwan Turawan Fotugal ne suka tsallako da ita gaɓar Afirka tun wajen ƙarni na 16. Barkono, wanda in babu shi babu yaji, shi ma daga nahiyar Amurka ya zo, haka attaruhu, haka tattasai, haka tumatirin da ake yankawa a gefen nama. Citta mai yatsu daga Asiya ta fito. Kanumfari daga wasu tsibirai na ƙasar Indunusiya. In ana neman 'yan asalin Afirka a cikin turmin yaji, sai dai a nuna masoro da kimba, su kuwa ɗan kaɗan ake sakawa. Wato dai gyaɗar da muka yi dala da ita a Kano bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, wadda su Alhasan Ɗantata suka yi arziki da ita, wadda yau babu Bahaushen da zai yarda a ce masa baƙuwa ce, jirgi ne ya sauke ta.

A juya ɗaya ɓangaren kuma. Ita cimicurin da ake cewa ta Kudancin Amurka ce, fasli da origano daga ƙasashen bakin tekun Bahar Rum suka je can, tafarnuwa ma daga wannan ɓangare namu na duniya ta tsallaka. Kai, ita kanta saniyar babu ita a Ajantina sai da Turawan Sifaniya suka kai ta a ƙarni na 16. Ashe musaya aka yi. Su suna cin namansu da kayan da aka kai musu daga wannan tsallake, mu muna cin namu da kayan da aka kawo mana daga nasu tsallaken, kuma kowa na bugun ƙirji yana cewa gadon kakanninsa ne. Dukanmu kuwa ba ƙarya muke yi ba, domin abin da mutane suka shekara ɗaruruwa suna nomawa, suna dakawa, suna ci, ai ya zama nasu.

Ina jin mai karatu ya gane inda na dosa, kuma ba zan ɓoye ba. Mu ne ya kamata mu fi kowa yin hattara da kalmar "baƙo". A wannan gari na Fali da Gude da Njanyi da Fulani da Margi da Higi, an binne kakanmu, an binne ubanmu, an yanke cibiyar 'ya'yanmu. Lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo a ƙarshen watan Oktoba na 2014 tare muka gudu, wasu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, wasu da ƙafa suka nufi hanyar Yola, babu wanda ya tsaya tambayar wani asalinsa, kuma da aka ƙwato garin tare muka dawo muka share toka. Amma duk da haka, ranar da yaro ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma don gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai a tuna masa cewa kakansa daga wani wuri ya zo. Ya tafi can ƙasar kakan nasa kuma a ce ba a san shi ba. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba, to mu tamu raɓar ta shekara fiye da sittin rana ba ta busar da ita ba. Idan muna jin zafin wannan, ban ga yadda za mu zauna a bakin tukuba muna yanke wa ganye hukuncin baƙunta ba. A ce miyar ba ta da daɗi, wannan hujja ce, a kawo ta a tattauna. Amma a ce laifinta shi ne daga wani wuri ta zo, wannan maganar bakinmu bai dace da ita ba.

Ga kuma wani abu da Baba ya manta. Koren haɗi a kan gashi ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Duk wanda ya taɓa tsallaka iyaka ya kwana a Garwa ko Marwa ya ga matan da ke gasa kifi a bakin titi da dare, ya ga irin markaɗen da suke shafa masa na fasli da seleri da ɗoɗɗoya da tafarnuwa. Mutanenmu da yawa in sun je can har santi suke yi. A can kuwa namu tsiren yana nan ana ce masa soya, kusa da mai kifin, babu wanda ya kori wani. Ashe abin da ake wa kallon ya fito daga bangon duniya, ɗan uwansa na nan tafiyar 'yan sa'o'i daga Sahuda.

Yanzu bari in zo inda Baba yake da gaskiya, domin dattijon da ya shekara arba'in hayaƙi na shiga idonsa ba ya magana a banza, ko da bai iya jera dalilan ba. Namanmu ba irin nasu ba ne. Shanun Ajantina galibi irin na Turai ne marasa tozo, suna kiwo a fili mai ciyawa, kitse ya ratsa cikin tsokarsu, shi ya sa za a iya ɗora gunduma guda a wuta da gishiri kawai ta fito da taushi. Namu kuwa, Bunaji ne ko Rahaji ko Gudalin Adamawa, sun sha tafiya, wasu tun daga Chadi, tsoka ce zalla mai ƙarfi da jijiya. Dabarar da magabata suka yi wa wannan nama ita ce tsire. A feɗe tsokar siriri kamar tafin hannu, a cire jijiya, a soka a tsinke, a turmusa ta cikin garin ƙuli, a yayyafa man gyaɗa, sannan a kafa tsinkayen a kewayen tukuba, wuta na tsakiya, nama na gefe yana shan zafi ba tare da harshen wuta ya lashe shi ba. Garin ƙulin nan ba don ɗanɗano kawai aka sa shi ba, riga ce. Shi ke tare ruwan naman kada ya tsiyaye, shi ke riƙe man, shi ke ɗaukar ƙunar da za ta kama tsoka. Wannan ilmi ne, ko da ba a rubuta shi a littafi ba.

Shi kuwa ɗan wan nawa, kuskuren da ya yi ranar Sallah shi ne ya tuɓe wa naman rigarsa. Ya tsuma siririn nama a cikin tsami tun dare har hantsi, ya ɗora shi tsirara a kan raga. Tsami ba ya ratsa nama can ciki kamar yadda mutane ke zato, bayansa kawai yake ci, in ya daɗe sai bayan ya yi fari ya saki, cikin kuma yana nan yadda yake. Gishiri ne ke shiga ciki in an ba shi lokaci. Ganyen da tafarnuwar da suka manne a jiki kuma suka ƙone suka yi ɗaci. Abin da ya fito ya bushe kamar kilishin da bai sha tunkuza ba. Saboda haka da Baba ya yamutsa fuska, harshensa bai yi masa ƙarya ba, fassarar da ya yi wa abin ce kawai ban yarda da ita ba.

Akwai kuma wasu matsaloli na zahiri. Yaji busasshe ne, zai yi wata da watanni a gwangwani babu abin da ya same shi, shi ya sa ya dace da ƙasar da zafin watan Maris da Afrilu ke narka kwalta, wutar lantarki kuma sai an ga dama. Ita miyar ɗanya ce, ganye da tafarnuwa a cikin mai, in ta wuni a rana ta kwana babu firji, to ana neman ciwon ciki da kuɗi. Dole a haɗa ta kullum, abin da ya rage a zubar. Man zaitun da suke sawa a gidajen abincin Abuja kuwa, kwalba ɗaya sai ta cinye ribar kwana biyu. Sannan ga maganar khal, domin a can galibi wanda aka samo daga giyar inabi suke amfani da shi, malamai kuma sun yi bayani mai tsawo da saɓani a kan hukuncin giyar da ta rikiɗe ta zama khal. Ni ba malami ba ne, kuma ban ga dalilin da mai tsire zai jefa kansa cikin wannan ba alhali lemun tsami na nan jibge a kasuwa.

To da muka zauna da shi, ga yadda muka gyara, kuma duk mai so ya gwada a gidansa. Naman cinya ko na gadon baya, a yanka shi da ɗan kauri fiye da na tsiren kasuwa. A shafa masa gishiri da dakakkiyar tafarnuwa da citta da man gyaɗa, a rufe shi kamar awa biyu a wuri mai sanyi. In naman tsohuwar saniya ne, a naɗe shi a ganyen gwanda da aka murza na ɗan lokaci, dabarar iyayenmu mata ce, kuma ita ma gwandar, in ba ku sani ba, daga nahiyar Amurka ta zo. A soka shi ana ratsa ɗan kitse ko tozo tsakanin tsoka da tsoka. A sa masa rigarsa ta ƙuli, amma sama-sama, kuma ba mai yaji sosai ba. A gasa a gefen garwashi, in an samu gawayin ƙirya ya fi. Ita kuma miyar, tun da fasli ba kullum ake samunsa a kasuwar Mubi ba, sai muka ɗauki lawashi da ɗoɗɗoya da ɗan na'ana'a, aka yanka da wuƙa, ba a markaɗa ba, domin markaɗe na sa ta yi baƙi ta yi kumfa. Aka sa tafarnuwa, attaruhu guda, gishiri, ruwan lemun tsami, da man gyaɗa na gida mai ƙamshi, mai ya ɗan rinjayi tsami. Ba ta hawa wuta ko kaɗan, sai nama ya sauka ya ɗan huta sannan a zuba. Ban sani ba ko mutumin Ajantina zai yarda ya kira wannan cimicuri, amma tsamin da ɗanyen ƙamshin suna yanke maiƙon ƙuli da kitse ta yadda mutum zai ci tsinke biyar bai ji ya gundure shi ba. In an lura, aikin da albasa da tumatir da kabeji suke yi ke nan a gefen takarda tun da can, illa dai wannan ya fi su kaifi.

Af, tun da na ambaci tozo. A Birazil mafi yawan shanunsu masu tozo ne, irin da aka kai daga Indiya, kuma tozon nan suna ji da shi kamar yadda muke ji da shi, kupim suke ce masa, su yi ta gasa shi a hankali na sa'o'i. A ƙasar Peru kuma akwai wani tsire na zuciyar saniya da ake kira antikuco, wanda ake tsumawa a khal da tafarnuwa da barkono, ana sayarwa a bakin titi da dare tamkar a nan, kuma tarihinsa na haɗe da bayin Afirka da aka kai can, waɗanda iyayen gijinsu suke cinye tsoka su bar musu kayan ciki. Hausawa ma an kai su wancan yanki a zamanin bauta, har sun shirya tawaye a Bahiya ta Birazil a 1807. Wannan wani zance ne na wata rana.

Abin da ya fi damuna a duk muhawarar nan shi ne, ana ga yaƙi muna ga ƙura. Ba koren ganye ne ke kashe tsire ba, mu ne. Ku je ku sayi na ɗari biyar a wurare da yawa yau ku duba da idon basira. Garin da ake turmusa naman a ciki rabinsa garin masara ne ko na rogo, an zuba masa kala don ya yi ja, an cika shi da sinadarin ɗanɗano don ya rufe rashin citta da kanumfari. Ƙulin ma wani da ruɓaɓɓiyar gyaɗa aka yi shi, wadda aka tsince aka ware don ba ta sayuwa, alhali fumfunar gyaɗa na haifar da wata guba da ake kira afalatoksin mai lalata hanta, wadda zafin gashi ba ya kashe ta. Naman jiya a sake shafa masa mai a ɗumama. A ƙarshe a naɗe maka shi da zafinsa a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, tawada na narkewa a jikin maiƙo. Ban taɓa jin an kira taro a kan wannan ba, ban ji an ce wani ya ɓata sunan gidansu ba. Sai yaro ya yanka lawashi ne za a tuna da gado?

Na san uzurin da za a kawo, kuma ba ƙarya ba ne. Kasuwar shanun Mubi na cikin manya a ƙasar nan, amma duk wanda ya tsaya a bakin hanya ya ga tireloli na fita ya san cewa ƙosassun bijimai Legas da Anaca da Fatakwal suke tafiya, mahaucin gari sai abin da aljihunsa ya iya. Rufe iyakoki daga watan Agusta na 2019 zuwa Disambar 2020 ya taɓa kasuwar. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya kusa durƙusar da masu tukuba, domin saniya da tsaba ake saye, mai saye kuma ba shi da ko sisi a hannu. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin mota. Mai tsire na tsoron ya ƙara kuɗi a gudu, sai ya rage tsoka ya ƙara gari. To amma wannan hanya ƙarshenta rami ne. Mafitar da na hango ita ce a samu abin da zai sa mai saye ya yarda ya biya ƙari da daɗin rai, wato nama mai kyau, yaji na gaskiya, tsabta, da kuma wani ɗan sabon abu da babu shi a tukubar gaba. Garin da ke da kwalejin tarayya da jami'ar jiha, cike da ɗalibai da malamai daga kowane sashe na ƙasa, ba zai rasa masu neman irin wannan ba.

Mu duba abin da wasu suka yi da sana'ar tamu. A Legas akwai wuraren da suka yi suna da ita, irin na titin Allen a Ikeja da na Ikoyi, har manyan mutane na bin layi. A Landan da biranen Amurka ana ɗura yajinmu a kwalba a manna masa takarda mai kyau a sayar da tsada, kuma sau da yawa mai kamfanin ba Bahaushe ba ne. A Gana ana ce masa cicinga, a Sudan agashe. A farkon 2025 aka sanar cewa babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford ya shigar da sunan abincin cikin kalmominsa, amma da wane suna? Suya. Alhali kowane Bahaushe ya san suya a kasko ake yin ta da mai, abin da ke jikin tsinke tsire ne, na kan raga balangu. Har sunan ma wanda masu saye suka laƙaba ne ya yi nasara, saboda mu muna bakin wuta, wasu ne ke rubutu. Ba na jin haushin kowa a kan haka, wanda ya ga dama ya ɗauka ai bai yi laifi ba. Haushin kanmu nake ji, mu da muke hana 'ya'yanmu masu ilmi kusantar sana'ar, har a wasu gidajen in ɗan mahauta ya zo neman aure sai an yi ta ƙus-ƙus, sannan in ɗaya daga cikinsu ya yi ƙarfin hali ya dawo da difilomarsa ya ɗaura gyauto a bakin tukuba, mu tare shi da dariya.

Wani a majalisa ya ce tsoronsa shi ne yau ganye, gobe kuma a wayi gari yara ba su san yaji ba. Ni ban ga alama ba. Shinkafa 'yar waje da taliyar leda sun fi shekara talatin a gidajenmu, tuwo da miyar kuka na nan daram. Shi kansa yaron bai ce zai daina yaji ba, hasali ma yanzu ya fi kowa matsa wa kansa a kan ingancinsa, domin da kansa yake zuwa wurin matar da ke yi masa ƙuli ya zaɓi gyaɗar, kayan ƙamshin kuma a gabansa ake dakawa. Wanda ya zo ya ce yaji kawai yake so, a ba shi. Wanda ya ce a haɗa masa da "koren", a zuba masa a ɗan ƙaramin mazubi mai murfi, ya ƙara naira ɗari.

Yau sati uku ke nan da ya kafa tukubarsa. Yana sayar da abin da bai kai rabin cinya ba a dare, kuma sau biyu yana zubar da miya don ta kwana. Ɗalibai ne suka fi neman koren, direbobi da 'yan kasuwa har yanzu yaji. Ranar Juma'ar da ta wuce na je na tarar da Baba zaune a kan benci, wai ya biyo ne ya ga yadda yaron ke kafa tsinke. Ya karɓi wuƙar ya nuna masa yadda ake bin tsoka kada a yanke ta a karkace, ya yi masa faɗa cewa wutarsa ta yi yawa, ya sa aka janye itace biyu. Da aka sauke na farko yaron ya miƙa masa da yaji, cikin ladabi, bai ko kalli kwanon miyar ba. Baba ya ci biyu, sannan ya nuna kwanon da haɓa ya ce, "Miƙo abincin akuyar nan in ga ko ka rage tsamin." Ya dangwala, ya ce har yanzu tafarnuwa ta yi yawa, kuma in za a yi abin nan da gaske to da tozo ya kamata a gwada, ba da cinya ba. Ya ce shi zai kawo tozon ranar kasuwa, amma kada a kuskura a gaya wa mutanen majalisa.

Wanda ke da ɗoɗɗoya a bayan gidansa kuma ba ya amfani da ita, don Allah ya yi mini magana, domin tamu ta kusa ƙarewa.